Da Baya Muka Yi Tsere a Tafkin Togo

Tun ranar da muka dawo ban huta ba. A coci a tare ni, a bakin famfon unguwarmu Wulari a tare ni, har mai shayin ƙofar gidanmu sai da ya riƙe kofina ya ce ba zai zuba ba sai na gaya masa ko gaskiya ne akwai ƙasar da ake tuƙa jirgi da baya. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa ya karanta.

Sunana Bitrus, ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai. Abokin tuƙina Modu ne, ɗan Limanti, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Baga wajen kakanninsa masunta. Ni kuwa ɗan iyon da na iya a kogin ƙauyenmu na koya, can wajen Biu, lokacin hutu. Malam Kyari, malamin wasanninmu, shi ya haɗa mu. Duk Asabar sai ya ɗora mu a motar makaranta zuwa madatsar Alau, ya aro mana kwalekwalen masunta, ya tsaya a gaɓa da usur yana ta daka mana tsawa. Da aka yi wasannin jihohi muka ba mutanen bakin teku mamaki, to daga nan ne saƙo ya zo cewa ana son matasa biyu su je gasar tseren jiragen ruwa ta ƙasa da ƙasa a Togo. Malam ya fassara mana kalmar da aka rubuta, ya ce ma'anarta “tuƙin jirgi”. Muka dubi juna muka yi dariya. Tuƙi ai namu ne.

Kawun Modu ya sassaƙa mana sababbin filafilai guda biyu, aka shafe su da man gyaɗa har suna ƙyalli. Mamata ta soya gyaɗa ta cika kwalba, matan zumunta suka zo gida suka yi mini addu'a har da waƙa. Ya Falmata, mahaifiyar Modu, ta ɗaure masa bandar kifi da ƙullin turaren wuta. Modu ya ce, “Ya, me zan yi da turare a cikin ruwa?” Ta ce ya rufe mata baki ya sa a jaka.

Jirgin ƙasa muka shiga, mu biyu da Malam Kyari. Kafin mu kai Gombe injin ya mutu a tsakiyar daji, muka sauka muka zauna a gindin bishiya kamar masu zaman makoki. A nan muka saba da wata Bayarabiya mai fataucin albasa, wadda kowa a taragon ke kira Iya. Hausarta ta fi tawa. Ta dubi filafilanmu ta ce, “Ku kuma wane irin tuwo za ku tuƙa da waɗannan muciyoyi?” Da muka gaya mata inda za mu, sai ta tafa hannu ta sanar da duk taragon, daga nan har Ibadan ba mu ƙara sayen abinci ba. Wannan ya miƙo rake, wancan ya miƙo dafaffen ƙwai. Da muka hau gadar Jebba, Modu ya leƙa taga ya ga kogin Kwara, sannan ya juyo ya ce, “Bitrus, wannan ruwan gudu yake yi. Na Chadi zama yake yi.”

Legas ba mu daɗe ba, kuma ban so mu daɗe ba. Hayaniyar tasha kaɗai ta isa ta sa mutum ciwon kai. Muka sami mota Fijo mai zuwa Lome, direban ya ɗaure filafilanmu a sama tare da buhunan garin wata mata. A hanyar ce na fara ganin teku ta tsakanin bishiyoyin kwakwa. Na yi ta jiran in hango ɗaya gaɓar, babu.

A kan iyaka aka yi abin da har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Wani jami'i mai ƙaton gashin baki ya buɗe fasfo ɗinmu, ya karanta inda aka haife mu, ya ɗaga kai.

“Maiduguri? Ku ne za ku je tseren jirgin ruwa? Na yi aiki a can. Ina ruwan yake?”

Malam Kyari ya fara bayani a kan Alau da tafkin Chadi, mutumin ya ɗaga masa hannu. Ya sa aka kwance filafilan, ya nuna wani dogon benci da ke bakin ofis, ya ce mu hau mu tuƙa ya gani. Na ɗauka wasa yake yi. Ba wasa ba ne. Muka hau bencin nan ɗaya a bayan ɗaya, tsakar rana, fasinjoji da masu tallan burodi sun kewaye mu, Malam ya ciro usur ya busa, muka dinga tuƙa iska. Modu har da waƙar masunta. Jami'in ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya buga mana hatimi ya ce in ba mu ciyo ba kada mu biyo ta ƙofarsa.

Kwatano garin babura ne. Mata da ɗaurin ɗankwali da goyo suna tuƙa ƙaramin babur, ga fetur a jere cikin kwalabe a bakin titi kamar man ja. Malam ya ga wata tsohuwa ta wuce mu a guje a kan babur, ya ce, “La'ilaha illallahu, wannan ta yi jika!” Kafin la'asar mun tsallaka iyaka ta biyu ba tare da wani ya sa mu hau benci ba, motar ta ajiye mu a wani ƙaramin gari tsakanin teku da tafki.

A ɗakin kwanan wata makaranta aka sauke baƙi duka. Ga 'yan Masar, ga 'yan Tunisiya, Sanigal, Kwaddibuwa, Faransa, Jamus, da masu masauki. Mai kula da ɗakunan da abinci wata mata ce mai jiki, Madam Afi. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, mu ba ma jin Faransanci, amma ba a taɓa yin rana ba ta yi mana faɗa mun gane ba. Ɗakinmu ƙarnin ruwa yake yi da warin danshi, katifu kamar an jiƙa. Modu ya tuna da ƙullin Ya Falmata, ya roƙi garwashi a kicin ya zuba. Ba a jima ba sai ga Madam Afi tana bin ƙamshin da hanci har ƙofarmu. Ta tsaya ta lumshe ido. Modu ya ɗebar mata rabi, tun daga ranar kwanonmu ya fi na kowa nama.

Abincin ne dai sai a hankali. Da safe burodi dogo kamar sanda, mai tauri, da ruwan kofi. Da rana tuwon masara mai ɗan tsami da miya mai yauƙi, wannan mun ji daɗinsa, har sai da Modu ya sa cokali ya ɗago ƙaguwa guda da ƙafafunta duka. Ya ajiye cokalin a hankali ya koma ɗaki wajen bandarsa. Ni na daure na ci, kuma ku yarda da ni, tana da daɗi, wahalar ɓarewa ce kawai. Gaisuwarsu ma wani abu ce. Mu a gida sai a tambayi gajiya, a tambayi mutan gida, a tambayi zafi, a yi ta “wushe, wushe” har a rabu. Su kuwa kunci suke haɗawa. Wata malamar 'yan Faransa ta nufo Malam Kyari da fuska za ta gaishe shi, Malam ya yi ta ja da baya yana “a'a, a'a, madam” har ya zauna cikin tukunyar fulawa.

Washegari aka kai mu rumfar jirage, kowannenmu da filafilinsa a kafaɗa. Muna shiga muka ga ba irin jiragen da muka sani ba ne. Jiragen dogaye ne sirara, faɗinsu bai wuce a zauna ba, ba su da nauyi, mutum biyu sai su ɗauka a ka. A ciki akwai 'yar kujera mai taya da ke zamewa gaba da baya, da takalma a kafe a jikin jirgin. Kowane matuƙi sanduna biyu yake riƙewa, dogaye fiye da shi, a saƙale a wasu ƙarafa da suka fito gefe. Muka leƙa tafkin muka ga 'yan mata biyu na Jamus sun wuce kamar kibiya, kuma bayansu suka ba inda suke tafiya.

Modu ya ce, “Malam, waɗannan sun ɓata hanya ne?”

Malam ya cire hularsa ya share zufa.

Shugaban gasar wani dattijo ne ɗan Togo mai ɗan Turanci. Ya karɓi filafilina ya shafa shi, ya yaba sassaƙar, sannan ya ce wannan wani wasa ne dabam, ba shi ake yi a nan ba. Ya ce akwai tseren 'yan koyo a ranar ƙarshe, da jirgi mai ɗan faɗi, amma ba zai sa sunan kowa ba sai wanda ya iya zuwa wata jar tuta da ke tsakiyar tafki ya dawo bai kife ba. In ba haka ba, sai mu zauna a gaɓa mu yi kallo. Sati guda da 'yan kwanaki suka rage.

Muka shiga jirgin 'yan koyon. Ban gama sa ƙafa a takalmi ba Modu ya saki sanda ɗaya don ya gyara zama, sai ga mu a ruwa. Ruwan ma gishiri-gishiri. Muka hau, muka ɗan matsa daga gaɓa, sandata ta nutse ta maƙale, ƙotarta ta doke ni a ciki, muka sake kifewa. Haka muka wuni. Yaran garin suka taru suna ƙirga mana da Faransanci, duk faɗuwa su yi ihu.

Kwana biyu muna wannan abin kunya, sai muka yi faɗa, irin wanda ba mu taɓa yi ba. Modu ya ce ni nake karkata jirgin, na ce shi ne yake fizgar ruwa kamar mai jan taru. Ya ce shi jikan masunta ne, ba zai tsaya yara suna yi masa dariya a kan ruwa ba, gara a koma gida. Na ce ya je ya gaya wa Ya Falmata ya zo Togo kallo ne. Ya miƙe, ni ma na miƙe. Malam Kyari ya shiga tsakaninmu, muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, “Laifina ne, ni na kawo ku ban bincika ba. Amma in kun koma ba ku shiga ruwan nan ba, ba za a ƙara ba wa ɗan Borno wannan dama ba. Ku yi tunani.”

Taimako ya zo ta inda ba mu zata ba. Bayan sallar asuba Modu yana gaisawa da 'yan Masar, sai ya jefa musu Larabcin Shuwa da ya koya a kasuwa. Wani dogo a cikinsu, Hamdi, ya riƙe ciki yana dariya, ya ce rabon da ya ji irin wannan Larabci tun kakansa na ƙauye yana da rai. Ya tambayi abin da ke damunmu. Da Modu ya gaya masa, sai ya ce mu same shi a rumfa kafin a karya kumallo.

Hamdi gwani ne, yana cikin waɗanda ake sa ran za su ci babban tsere, amma kullum da sassafe sai ya shiga ƙaramin jirginsa ya bi gefenmu. Yana magana da Larabci, Modu yana juya mini da Hausa, wani lokaci ya manta ya juya da Kanuri. Abu na farko da ya koya mana, kome za a yi kada a saki sanda, su ne ƙafafun jirgin. Na biyu ya fi wuya. Ya ce ƙarfinmu duk a hannu yake, alhali da ƙafa ake tuƙa wannan jirgi. Ka naɗe, ka sa sanda a ruwa, ka tura da cinya, hannu ya biyo daga baya. Sannan ka dawo a hankali, kada ka yi gaggawa, ka bar jirgin ya yi tafiyarsa. Modu ya sha wahala da wannan “a hankali”. Hamdi ya yi ta ce masa “shuwayya, shuwayya” har sunan ya bi shi, 'yan Sanigal ma Shuwayya suke kiransa.

Aka sa Modu a kujerar da nake ganin bayansa, shi ke ba da sauri, ni kuma aikina in bi shi, in riƙa waiwayawa ina duba hanya. Don kada mu saɓa sai ya fara ƙirga da Kanuri, “tilo” mu tura, “indi” mu dawo. Hannayenmu suka yi bororo suka fashe, cinyoyi suka ƙage, hawa matakalar ɗaki sai da dafa bango. Madam Afi ta riƙa shafa mana man kaɗanya tana faɗa. Wata safiya dai, ban san yadda aka yi ba, sandunan huɗu suka shiga ruwa tare suka fita tare, na ji jirgin ya ɗaga ya zame, ruwa yana wani ƙara a ƙarƙashinmu. Na yi ihu. Modu ya ce, “Rufe baki, kada ya gudu!”

Ranar gwaji dattijon ya tsaya a gaɓa da hannu a baya. Muka je tutar lafiya. Wajen juyowa iska ta taso, jirgin ya kwanta gefe har ruwa ya shigo, na ji Modu ya ce “Ya Salam”, ni kuma na kira sunan Yesu da ƙarfi, amma ba wanda ya saki sanda. Jirgin ya miƙe. Da muka iso gaɓa dattijon ya ce kawai, “Najeriya, layi na biyar.” Malam Kyari ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta.

Ranar gasa garin ya cika. Ga makaɗa, ga tutocin ƙasashe, ga lasifika tana ta zuba Faransanci. Mun kalli Hamdi da abokinsa sun zo na biyu a babban tsere, muka yi ihu har muryarmu ta dushe tun kafin namu. Da aka kira 'yan koyo, jirage shida muka jeru. Aka ɗaga tuta, aka sauke.

Tashin farko kowa ya bar mu. Da yake da baya ake tafiya, wanda ya wuce ka ba ka ganinsa, wanda ka wuce ne kawai ke gabanka, mu kuwa ba kowa a gabanmu sai ruwa. Na ji Modu yana son ya fara fizga, na ce, “Shuwayya, Modu! Ƙirga!” Ya fara, tilo, indi, tilo, indi. Can sai ga wani jirgi ya bayyana a gefen idona, ya koma baya, ya zama a gabanmu. Mun wuce ɗaya! Sai wani. Su sun fara da gudu sun gaji, mu kuwa mun saba wuni a ruwa da rana a ka. Saura kaɗan muka yi kafaɗa da kafaɗa da 'yan Kwaddibuwa, ina jin numfashinsu, ina jin usur ɗin Malam daga gaɓa a cikin duk hayaniyar nan. Cinyoyina wuta suke ci. Modu ya daina ƙirga, ya koma waƙar masunta, ni ma da ban san kalmomin ba na kama.

An ce an busa ƙaho da muka tsallaka layi. Mu ba mu ji ba. Na manta da waiwaye gaba ɗaya, muka ci gaba da tuƙi iya ƙarfinmu har muka faɗa cikin shingen itatuwan da masuntan wurin ke kafawa don tara kifi. Jirgin ya tsaya cak, na faɗa baya, ƙafafuna a sama. Wani tsoho a kwalekwale ya zo ya ciro mu yana surutu. Muna nufo gaɓa muka hango Madam Afi ta shigo ruwa har gwiwa da zaninta, ta ɗaga yatsu uku tana tsalle. Na uku! Da ɗan tsinin jirgi muka riga 'yan Kwaddibuwa.

Aka rataya mana lambar tagulla a wuya. 'Yan Sanigal suka ɗaga Modu sama suna “Shuwayya! Shuwayya!” yana dariya hawaye na zuba. Malamar nan ta Faransa ta sake nufo Malam Kyari, wannan karon ya riga ta miƙa hannu tun daga nesa. Da za mu rabu Hamdi ya zauna da mu a ƙasa, ya zana mana kujerar mai taya a bayan kwalin sukari, da awon komai, ya ce ruwa dai ruwa ne, ko a Masar ko a Borno.

Dawowa ba wani labari, barci muka yi ta yi har Kafanchan.

Yanzu zanen yana hannun wani kafinta a Khaddamari, Baba Goni, wanda bai taɓa ganin jirgin ba amma ya ce in dai itace ne zai yi. Ya samo tayoyin keken yara ya haɗa kujerar farko a kan katako biyu a tsakar shagonsa. Jiya muka je gwaji. Modu ya zauna, ya naɗe, ya tura da ƙafa, kujerar ta kwashe shi ta fice ta ƙofa har cikin kwandon mai tallan tumatir. Baba Goni ya bi shi da kallo, ya cire fensir daga bayan kunne, ya ce, “To, gudu dai tana gudu. Saura birki.”